Wa Ke Biyan Kuɗin Neman Yaron da Aka Sace? Nazarin Wani Lamari a Bauchi

Wannan bayani ne a kan yaro guda, ɗan shekara 4, da aka sace a wata unguwa ta cikin garin Bauchi, Allah Ya sa aka gano shi bayan fiye da shekara ɗaya a wata jiha ta kudu. Ba zan faɗi sunansa ba, ko na iyayensa, ko na unguwar. Ni ne sakataren kwamitin unguwarmu, kuma littafin da aka riƙa rubuta gudummawar jama'a da abin da aka kashe a hannuna ya zauna tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa zancena zai fi karkata ga kuɗi: wa ya biya, a wace gaɓa, kuma me ya faru a inda aka rasa mai biya. Neman yaro aiki ne mai cin kuɗi tun daga sa'ar farko. A lamarin nan kusan duk nauyin a wuyan uban yaron da maƙwabtansa ya sauka, alhali kuwa akwai dokoki da hukumomin da aka kafa domin wannan aiki.

Ranar da aka ɗauke shi

Mahaifin yaron awon hatsi yake yi a kasuwar Muda Lawal, mahaifiyarsa kuma tana ɗinki a cikin gida. Da damina ne, watanni kaɗan bayan cire tallafin man fetur na ranar 29 ga Mayun 2023. Bayan la'asar yaron da yayarsa 'yar shekara 7 suna dawowa daga makarantar allo, sai wata mata sanye da hijabi ta tare su, ta tambayi lafiyar mamarsu kamar wadda ta san gidan. Ta miƙa wa yarinyar kuɗi ta ce ta sayo mata ruwan leda a shagon da ke kan kwana, ƙanenta ya tsaya ya jira ta. Ko da ta dawo, babu mata babu yaro. Ta zaci ya riga ta gida ne. Uwa kuma ta zaci ya biya gidan goggonsa kamar yadda ya saba. Sai da aka kira magariba hankalin kowa ya tashi.

Abin da aka fara yi shi ne abin da muka gada. Aka garzaya gidan mai unguwa, domin a al'adarmu duk wanda ya tsinci yaro can yake kai shi. Aka yi cigiya a lasifikar masallatai bayan isha'i. 'Yan kwamiti da samarin unguwa suka bazu da tocila, suka leƙa kwalbatoci da rijiyoyi da kangwaye, saboda lokacin ruwa ne. Wannan tsari na gargajiya bai kamata a raina shi ba, domin yawancin yaran da suka ɓata ɓatan hanya ne kawai, kuma ta nan ake samun su kafin gari ya waye, ba tare da an kashe ko kwabo ba. Amma an gina shi ne domin yaron da ya yi makuwa a cikin gari. Yaron da aka sa a mota, iyakar muryar lasifika ba ta kai inda yake.

A daren ne uban da ƙanensa, baffan yaron, suka je caji ofis. Uban ya ce wa wanda suka tarar a kanta, "Yallaɓai, ɗana ne ba a gan shi ba tun la'asar, kuma yayarsa ta ce wata mata ce ta tsayar da su." Aka ce masa, "Malam, ka je ka ƙara duba gidajen 'yan'uwa. In gari ya waye bai dawo ba, ka zo a rubuta." Wannan jira na kwana ɗaya al'ada ce da ta zauna a wasu ofisoshi, ba umarnin doka ba ne. Washegari baturen 'yan sandan yankin ya karɓe su hannu bibbiyu, mutumin kirki, ya sa aka ɗauki bayani, ya ware musu jami'in bincike. Sai dai ya gaya musu gaskiya: mota tana nan, amma babu mai a cikinta. A lokacin kuɗin lita ya ninka kusan sau 3 a kan yadda yake a farkon shekara. Abu na farko da na rubuta a shafin kashewa na littafinmu shi ne man motar 'yan sanda, daga aljihun uban yaron.

A nan ne aka yi babbar asara, domin manyan hanyoyi 5 ne ke fita daga Bauchi: ta Jos, ta Ningi zuwa Kano, ta Darazo zuwa Maiduguri, ta Gombe, da ta Dass. Daga Bauchi zuwa Jos tafiyar awa 2 ce ko ƙasa da haka. Wato tun kafin ladan ya ɗauki lasifika yana cigiya, mai yiwuwa yaron ya riga ya bar jihar. Da a ce cikin sa'ar farko an aika hotonsa ga shingayen da ke kan waɗannan hanyoyi da shugabannin tashoshin mota, da 'yan kamasho sun san abin da za su sa wa ido. Hoton ma sai da aka sha wuya kafin a samo guda ɗaya na ƙaramar Sallah a wayar baffansa.

Watannin cigiya

Gidan rediyon da aka kai sanarwa ya karanta ta kyauta sau ɗaya, don tausayi. Maimaitawa kuwa sai an biya, kamar dai tallan kowace haja. Aka buga hoton a takarda aka manna a kasuwar Wunti da tashoshi da ƙofofin masallatai, aka sa lambar wayar uban a ƙasa. Wannan lamba ita ta jawo wata sabuwar masifa. 'Yan damfara suka dinga kira, wannan ya ce yaron yana hannunsa a turo kuɗin abinci, wancan ya ce ya gan shi a tasha a wani gari, a turo kuɗin mota ya kawo shi. Uban da ɗansa ya ɓata ba ya iya kashe waya a kan irin wannan kira, ko da zuciyarsa na gaya masa ƙarya ce. Masu duba ma sun ci rabonsu. Na sha ce masa, "Yaya, kada ka tura ko sisi sai jami'in bincike ya ji muryar mai kiran." Wani lokaci ya ji, wani lokaci ya tura a ɓoye. Ban ga laifinsa ba. Da akwai lamba ɗaya ta hukuma da ake sawa a ƙasan irin wannan hoto, wadda ƙwararre ke ɗauka ya tantance, da ba a bar uba shi kaɗai da macuta ba.

Cikin waɗannan watanni ya sayar da babur ɗinsa, matarsa ta sayar da keken ɗinkinta, jarin hatsi ya karye saboda mai shi kullum yana kan hanya, yau Jos, gobe Azare, jibi Gombe, duk inda aka ce an ga yaro mai kama da nasa. Uwar yaron ta taɓa ce wa matata, "Da mutuwa ya yi, da na san inda kabarinsa yake, na yi haƙuri." Duk wanda ya zauna da iyayen da aka sace wa ɗa ya san wannan magana.

Akwai kuma wani haɗari da ba ya shiga littafin kuɗi. Wata rana samari suka kewaye wata baƙuwa da aka gani tana magana da yara a bakin famfo, har an fara ɗaukar duwatsu. Mai unguwa ne ya ratsa tsakiya ya riƙe hannunta ya kai ta zaurensa. Ashe gidan suna take nema. Inda jama'a ba su ga hukuma na nema ba, fushinsu a kan baƙo da mai taɓin hankali yake sauka.

A watan Disambar 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da kama wani gungun masu satar yara da ceto yara 7 da aka ɗauke daga Bauchi aka sayar a kudu, an sauya musu suna. Bakin zaren kuwa daga kama wata mata ne da yaro a tashar Mariri da ke Kano. Labarin ya tayar da unguwarmu tsaye, amma namu ba ya cikinsu. Kafin wannan an yi na yaran Kano 9 da aka ceto a 2019, akasarinsu a Onica ta jihar Anambra, wanda a kansa babbar kotun Kano ta yanke wa ɗaya daga cikin masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104 a 2021. Salon iri ɗaya ne: ƙananan yara da ba su iya faɗin sunan unguwarsu ba, a yaudare su a bakin hanya, a fitar da su daga jiha a ranar, su ratsa hannu biyu ko uku kafin su isa ga mai saye.

Yadda aka gano shi, da abin da ya biyo baya

Ba wata rijista ta gwamnati ce ta haɗa yaron da iyayensa ba. 'Yan sandan wata jiha ta kudu ne suka kai samame wani gida da ke kiran kansa gidan marayu, suka fitar da yara. Sarkin Hausawan garin ya sa aka ɗauki hotunansu aka watsa ta WhatsApp, hoto ya bi ta hannun direbobi da 'yan kasuwar hatsi har ya iso Muda Lawal. Uban ya gane tabon ƙuna a ƙafar hagu.

Mun zaci wahala ta ƙare, ashe mafi tsadar ke gaba. Ba a miƙa yaro ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne, kuma haka ya dace. Dole jami'in bincike ya je da takardar rundunarsa, dole a tafi da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Kuɗin motarsu da masaukinsu da abincinsu, kowane ofis da aka shiga amsa ɗaya ce: babu kuɗin wannan a ƙasa, sai an rubuta takarda sama a jira amincewa. Uba kuwa ba zai jira fayil ba alhali ya ga hoton ɗansa. Aka yi yekuwa a masallacin Juma'a, 'yan agaji suka zagaya da kwali, 'yan kasuwar layinsa suka yi karo-karo.

Da suka isa, sai ga wasu iyaye daga wata jiha maƙwabciyarmu su ma sun ce ɗansu ne, su ma sun zo da hoto da hawaye. Yaron an sauya masa suna, Hausa ta kwanta a bakinsa, bai nuna ya san kowa ba. Takardar haihuwa babu, domin a gida aka haife shi ba a kuma yi masa rijista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba. Ba shi kaɗai ba ne, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya aka yi wa rijistar haihuwa. Ba abin da zai raba gardama sai gwajin ƙwayoyin halitta na DNA, shi kuma a ɗakin gwaji mai zaman kansa, da tsadar da ta fi ƙarfin mai awon hatsi ko da jarinsa bai karye ba. Wani mai hali a unguwarmu ne ya biya, ya ce kada a faɗi sunansa. Yaron ya ƙara makonni a hannun hukuma ana jiran a haɗa kuɗin da fitowar sakamako. Ɗaya iyayen kuwa haka suka koma gida hannu rabbana, bayan su ma sun kashe nasu. Har yau ina tuna su.

Bayan an dawo da shi, wani ofishin gwamnati ya kira iyayen, aka ba su kayan abinci da ɗan kuɗi a ambulan. An gode, kuma ya yi amfani. Amma da kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi ya fito a daren farko ya zama mai a tankin mota da sanarwa a rediyo, da wataƙila ba a kai ga tafiya kudu ba. Da na tattara lissafin littafinmu, sufuri ne ya cinye kaso mafi girma, sai gwajin DNA, sai abin da macuta suka kwashe.

Ina kuɗin gwamnati yake tsayawa?

Ba hukumomi muka rasa ba. Akwai NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, tun 2003, an kuma sabunta dokarta a 2015, tana da lambar kira ta 627. A 2022 ta haɗa hannu da kamfanin Meta suka ƙaddamar da sanarwar Amber, wadda ke tura hoton yaron da aka sace ga masu Facebook da Instagram da ke kusa da inda abin ya faru. Akwai lambar gaggawa ta 112. An yi dokar asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Bauchi ta kasance cikin jihohin ƙarshe da suka yi tasu, sai a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha. Muna da ma'aikatar mata da yara, muna da BASOVCA mai kula da marayu da yara marasa galihu.

Matsalar ita ce yadda kuɗi ke tafiya. Albashi yana fita, gini da sayen motoci suna samun kaso saboda ana ganin su da ido, amma kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wato mai da katin waya da kuɗin tafiyar jami'i, shi ne ƙarami, shi ne kuma ake fara matsewa. Ga kuma rabuwar iko: 'yan sanda na tarayya ne, walwalar yara ta jiha ce, mai unguwa yana ƙarƙashin masarauta da ƙaramar hukuma, yaron kuma ana gano shi a wata jiha dabam. Kowa na da hannu a aikin, amma ba wanda aka ɗora wa biyan kuɗin tafiya daga wannan jiha zuwa waccan. Doka irin wannan kamar rijiya ce babu guga. Ita ma sanarwar Amber, duk da amfaninta, tana buƙatar a kai rahoto da wuri, da hoto, da jama'a masu babbar waya da data. A unguwa irin tamu rediyo ya fi Facebook isa kunnen mutane.

Asalin wannan sanarwa ma daga rediyo ne. A 1996 aka sace wata yarinya 'yar shekara 9, Amber Hagerman, a jihar Texas ta Amurka, aka kashe ta, sai kafofin yaɗa labarai na yankin suka yi yarjejeniya da 'yan sanda cewa da zarar an tabbatar an sace yaro za su katse shiri su sanar. Abin da ya fi jan hankalina a tsarin Amurka shi ne yadda suka ɗaura kowace doka da kuɗi da wa'adi. Dokar 1984 ta tanadi tallafin tarayya ga neman yaran da suka ɓata, a shekarar aka kafa cibiyar ƙasa ta wannan aiki, kuma duk shekara majalisa na ware mata kuɗi ta hannun ma'aikatar shari'a. Dokar 1990 ta hana 'yan sanda cewa a jira kafin su karɓi rahoton ɓatan yaro. Ta 2006 ta wajabta shigar da bayanan yaron a rumbun bayanai na ƙasa cikin awa 2. Ba ina cewa muna da dukiyarsu ba ne. Amma hana jira, da rumbun suna guda ɗaya, da yarjejeniya da gidajen rediyo, duk ba su fi ƙarfin jihar Bauchi ba.

Girman matsalar a yankinmu ya isa ya sa a yi hakan. A 2019 ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce tana da rijistar mutum kusan 22,000 da suka ɓata a Najeriya, akasari sanadin rikicin arewa maso gabas, kuma kashi 60 cikin 100 yara ne a lokacin da suka ɓata. Bauchi da Gombe sun karɓi dubban waɗanda rikicin ya raba da gidajensu. Ga almajirai kuma, waɗanda in ɗaya ya ɓata sai a yi makonni malam na zaton ya gudu gida, iyaye na zaton yana makaranta.

Abin da nake ganin ya dace ba babba ba ne. A sa layi guda mai suna a kasafin kuɗin jiha domin neman yaran da suka ɓata, a ajiye shi a ma'aikatar mata da yara, a kuma ba jami'i guda ikon fitar da kuɗi a ranar da aka kawo rahoto, ba sai fayil ya zaga ba. Kuɗin ya biya man fita na kwanakin farko, da tafiyar jami'ai da iyaye in an gano yaro a wata jiha, da gwajin DNA. Gidan rediyon jiha na BRC da talabijin na BATV na gwamnati ne, umarni kawai suke buƙata su riƙa karanta cigiyar yara kyauta, masu zaman kansu kuma a yi yarjejeniya da su a biya su duk wata. Ƙananan hukumomi 20 na jihar, su sa masu unguwanni su riƙa kai sunan duk yaron da aka tsinta ko aka rasa ga rijista guda, a kuma haɗa shugabannin tashoshin mota a ciki, tunda ta hannunsu yaran ke wucewa.

Na san abin da za a ce, kuma da na kawo maganar a taron kwamiti mai unguwa da kansa ya faɗa mini. Ya ce, "Malam sakatare, duk asusun da aka buɗe a ƙasar nan ai wasu aka buɗe wa." Na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne, shi ya sa kada a ba kowa tsaba a hannu." A biya gidan mai da gidan rediyo da ɗakin gwaji kai tsaye, kowane biya a ɗaura shi da lambar rahoton yaro guda, duk wata 3 a karanta wa jama'a yawan rahotannin da aka karɓa da yaran da aka samu da abin da aka kashe. Iyayen da abin ya taɓa shafa su samu kujera a kwamitin sa ido, domin ba wanda zai fi su tsare wannan kuɗi.

Yaron yanzu yana gida, Hausarsa ta dawo, an mayar da shi makaranta, sai dai har yanzu ba ya yarda ya kwana in ba kusa da uwarsa ba, kuma babu wani mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ya taɓa ganin sa ko yayarsa, wadda ta daɗe tana ɗora wa kanta laifi. Shari'ar waɗanda aka kama tana gaban kotu a can jihar da aka gano shi. Duk ranar da aka buƙaci shaidar uban, shi zai nemi kuɗin motar zuwa da dawowa, kuma an sha ɗage zaman bayan ya isa. Matar da ta tsayar da yaran a hanyar makarantar allo ba a kama ta ba. Kwamitinmu ya rubuta takarda da kwafin lissafin littafin nan, za mu miƙa wa ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu kafin a fara zaman kare kasafin kuɗin baɗi.